Shirun Ɗakin Baba

Maganin Baba ne ya ƙare, shi ya fitar da Auta daga gida da almuru.

Auta sunan gida ne kawai. Mutum ne da ya ba arba'in baya, da furfura a gefen kunnuwa, da mata da 'yar ƙaramar yarinya. Aikinsa gina fuskar shafukan intanet, wato abin da ido ke gani in an buɗe shafi: inda rubutu zai zauna, launin maɓalli, yadda hoto zai matse a ƙaramar waya ya kuma baje a babbar kwamfuta. Ya iya aikin, ya daɗe a cikinsa. Sai dai sana'a ce da ba ta jin kunyar tsofaffinta. Abin da aka yi wa tafi bara, bana dariya ake yi masa. Sabon kayan aiki zai fito, kowa ya ruga, kafin ka gama koyonsa an ce an daina yayinsa, ga wani can.

A ofis, yaran da shi ya koya wa aiki sun fara kiransa Kaka. Wata rana Manaja ya leƙa kwamfutarsa a gaban kowa ya ce, "Har yanzu da wannan kake gini? Kaka, ai sai mu kai ku gidan tarihi kai da shi, a sa muku gilashi." Aka kwashe da dariya. Auta ma ya yi, don ba shi da wani wurin zuwa.

Tun daga ranar ya kama sauraren fodkas, wato hirarrakin masu sana'ar da ake saukewa a waya, mutum biyu ko uku su zauna su yi ta zancen abin da ya fito da abin da ya mutu. Yana ji a mota, yana ji a kan abinci. Da ya ga sun fi ƙarfin lokacinsa sai ya ƙara musu gudu har ninki biyu, muryoyin manyan maza suka koma kamar na tsuntsaye. Sannan ya gano wani maɓalli mai yanke shiru a manhajar da yake sauraro da ita. Duk inda mai magana ya tsaya ya ja numfashi, ko ya yi tunani, ko ya haɗiye yawu, manhajar ta datse wurin ta manne kalma da kalma. Kunnensa ya saba. Daga nan maganar mutane ta zame masa azaba, kuma ba wadda ta kai ta mahaifinsa.

Baba tsohon tela ne, da can mai barkwanci, ana jin muryarsa daga bakin titi. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshen ya yi nauyi. Hankalinsa ras, amma kowace kalma sai ya je nesa ya ɗauko ta. Sauran 'ya'yan sun watse a duniya. Auta kaɗai gare shi.

Kafin ya fita ya shiga ɗakin don ɗaukar kwalin maganin. Ɗakin na warin man zafi da sabulun wankin zanen gado. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Au... ta."

"Na'am, Baba. Magani zan sayo."

Bakin tsoho ya karkace ya buɗe. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ba abin da ya fito.

"Ruwa? Fanka? A juya ka?"

Baba ya girgiza kai.

"To mene ne? Wallahi Baba da kana da maɓalli da na ƙara maka gudu. Kafin ka gama jimla ɗaya an rufe kemis, an rufe duniya."

"Haba, maigida!" in ji matarsa daga bakin ƙofa, da kwano a hannu. "Mahaifinka ne fa."

"Ke zauna ki jira shi. Ai ke ba a kiranki Kaka a wurin aiki."

Ya toshe kunnuwansa da iyafis, 'yan na'urorin sauraron nan, ya fice. Bai waiwaya ba, don haka bai ga hannun tsohon yana saukowa kan bargo a hankali ba.

Hanya biyu ce zuwa kemis. Akwai babban titi mai fitilu, akwai kuma lungun da ya ratsa tsakanin katangar wani rufaffen sito da kwata. Lungun ya fi sauri. Auta ya bi lungun.

Sama ta yi ja, tana komawa toka. A kunnensa masu shirin su biyu ne, ɗaya mai kakkaurar murya, ɗaya mai yawan dariya. Suna zuba kamar ana zazzage tsakuwa a kwano, kan wata sabuwar dabarar gina shafi da ke sa ya buɗe tun yatsa bai gama taɓa gilashi ba. Auta yana maimaita sunan dabarar a ransa don ya jefa shi gobe a gaban Manaja.

Wayar ta yi ɗan motsi a aljihunsa. Ya ciro. Caji ya ƙare, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Muryoyin ba su tsaya ba.

Ya danna gefen wayar. Ya girgiza ta. Matacciya ce. Amma mai kakkaurar murya yana nan yana bayani, sai dai gudunsa ya ragu. Ya ƙara raguwa. Ya dawo maganar mutum. Ya wuce nan, ya koma kamar na mai magana cikin barci.

Sai ya yi shiru.

Rabon Auta da jin shiru a kunnensa har ya manta. Wannan kuwa ba irin wanda ya sani ba ne. Yana da nauyi. Yana da sanyi kamar an ɗiga masa ruwan randa a kunne.

A cikin shirun akwai mai numfashi.

Ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Numfashin a hankali yake, da ɗan kurman sauti a ƙarshensa, kamar ana jan buhu a kan siminti. Wani wari ya taso, ba na kwata ba. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Sannu da sauri, Kaka."

Raɗa ce. Kuma ba da harshen shirin aka yi ta ba, da harshen da uwarsa ta rene shi da shi aka yi.

Ya kai hannu zai cire iyafis. Yatsunsa suka kama, suka ja. Kamar ya ja kunnen kansa. Abin ya manne.

Ya ɗaga ƙafa ya ƙara sauri. Takalminsa na taka ƙasa, amma ba ƙara. Ya lura kukan kwaɗin kwata ya ɗauke. Ƙugin motocin babban titi ya ɗauke. Can ƙarshen lungun yana hango koren fitilar kemis, ƙarama, ba ta matsowa.

"Ina za ka? Yau kai za ka jira."

"Wa... wane ne?" Bakinsa ya motsa, bai ji muryarsa ba. Amma an ji shi.

"Maƙwabci. Wasunmu na zaune a kango, wasu a bakin rijiya. Mu namu gidan tsakanin magana da magana yake, inda mutum ya tsaya ya ja numfashi. Ba mu tare wa kowa hanya ba. Ba mu roƙi kowa gishiri ba. Sai ga ka da almakashi."

"Ban sani ba."

"Safe da yamma kana datsa. A mota kana datsa, kana cin abinci kana datsa. Ka san iyalin da ka bar min a waje?"

Sai ya ji su. Ƙananan numfashi, da yawa, a bayan babban. Wasu a wuyansa. Wani a cikin hannun rigarsa.

"Zan kashe maɓallin. Na rantse, yau ɗin nan."

Aka yi dariya mara sauti, iska kawai a cikin kunne.

"Wanda ka yanke ya tafi. Amma na duba jikinka, akwai wuri. Tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya. Ƙarami ne. Ana faɗaɗa shi."

Zuciyarsa ta buga.

Ya jira na gaba.

Bai zo ba.

Ya dafa katangar sito, ya ji ta jiƙe da sanyi. Koren fitilar ta fara dusashewa daga gefe.

Ta buga.

"Ka ji? Da fili. Mu ƙara kaɗan."

Wannan karon shirun ya fi tsawo. Ya ji wani abu yana shiga ƙirjinsa yana gyara zama, kamar baƙon da ke gwada kujera. Harshensa ya yi ɗaci. Fitsari mai ɗumi ya bi cinyarsa.

Ta buga, da ƙyar.

"Sai dai," in ji raɗar, "in kana da wani shirun da ba ka so. Babba. Wanda zai ɗauke mu duka."

Da a ce bai fahimta ba, da an yi masa uzuri. Ya fahimta sarai. Ɗakin ya zo masa a ido, da bargon, da karkataccen bakin nan a buɗe.

"Faɗi da bakinka. Mu ba ma ƙwace."

"Akwai," in ji Auta. "A gida."

"Na wa?"

Zuciyar ta tsaya tana jiran amsa.

"Na Baba."

"Ɗan albarka."

Ƙara ta faɗo masa gaba ɗaya, kwaɗi da motoci da kukan wani jariri a bayan katanga. Ya fizge iyafis, suka fita da zafi kamar an cire ƙaya. Ya jefa su a kwata ya ruga. Bai san sanda ya faɗa kan kantar kemis ba.

"Malam, lafiya?" in ji mai kemis. "Kare ne ya biyo ka? Kai, jini ne fa a kunnenka."

Auta ya miƙa masa kwalin da ya murƙushe a hannunsa.

Ta babban titi ya koma. Yana tafe yana lallashin kansa. Yunwa ce, da gajiya, da yawan toshe kunne. In ma gaskiya ne, me aka ɗauka? Shiru. Wataƙila ma taimako ne, tsoho ya samu bakinsa ya sake.

Da ya isa gida ya sauya wando, ya wanke kunnuwansa, ya ɗebi ruwa a kofi ya shiga ɗakin da magani. Baba ya juyo da ido.

"Au... ta."

Bakin ya buɗe yana neman kalma ta gaba.

Auta ya ga kansa a tsakar gida. Kofin ba ruwa. Dare ya yi nisa, an kunna fitilar waje, abincinsa ya huce a rufe. Ƙafafunsa sun yi tsami irin na wanda ya daɗe a zaune.

Matarsa ta fito daga kicin tana share hannu, fuskarta a sake.

"Allah ya yi maka albarka, maigida. Yau ka faranta min. Na leƙa na gan ka zaune a bakin gado, riƙe da hannunsa, ko motsi ba ka yi. Ban taɓa ganin haƙuri irin wannan a wurinka ba."

"Ni?"

"Da wa? Har murmushi kake yi masa."

Ya koma ya tsaya daga bakin ƙofa. Baba na kwance ya manne da bango iyakar yadda rabin jiki zai iya. Idanunsa a waje. Da suka sauka kan Auta, tsohon ya ja bargo da hannunsa mai lafiya har zuwa haɓa.

A nan Auta ya gane cinikin da ya yi. Shirun Baba yana nan yadda yake. Shi aka datse daga ciki. Duk sanda tsohon ya tsaya neman kalma a gabansa, sai a cire shi kamar yadda manhaja ke cire numfashi, wani ya zauna a cikin jikinsa. Wannan wanin ke riƙe hannun Baba. Kuma Baba ya san ba ɗansa ba ne.

Ya gwada dabaru. Ya shiga yana surutu ba tsayawa, yana ba da labarin ofis, na mota, na farashin taya. Amma mai surutu dole ya ja numfashi, kuma Baba dole ya yi ƙoƙarin amsawa. Sai ya farka a tsakar gida. Ya koma lungun da almuru ya tsaya yana kira, yana roƙo a mayar masa da maganarsa. Kwaɗi kawai suka amsa.

Ya gaya wa matarsa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wato da ka fara zama ɗan kirki sai ka ce aljani ne? To Allah ya bar mana aljanin. Ya fi ka iya zama da tsoho."

Sai ya daina shiga. Ya riƙa fita da sassafe yana dawowa bayan an kwanta. Amma matarsa ba ta iya ɗaga Baba ita kaɗai, kuma jikin da ba a juyawa yana fashewa da gyambo. In ta kira shi ya zo su juya shi, dole ya je. Yana shiga, tsohon zai damƙe gefen zanenta, bakinsa na rawa, yana son gaya mata. Kalmar ba ta zuwa da wuri. Ita kuma sai ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ɗanka ne fa. Bari in bar ku, tukunyata na kan wuta."

Baba da kansa ya samo dabarar da ta fi ta Auta. Tela ne, ya san inda ɗinki ke warwarewa. Da ya ji takun ɗansa sai ya fara nishi, dogo, mara yankewa, kamar kukan tsohon injin. Muddin sautin na fita, Auta na nan a jikinsa. A cikin wannan nishin suka kalli juna, uba da ɗa, ido cikin ido. Auta ya durƙusa yana cewa, "Ka yafe min, Baba, ni na ba su, ni ne," tsohon kuma yana ta ja, fuskarsa ta yi baƙi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana riƙe ɗansa da ɗan numfashin da ya rage masa.

Numfashin tsoho ba shi da tsawo. Ya ƙare.

Maƙwabta suka fara magana kan nishin. Matar ta kira likita. Likita ya duba ya ce ruɗewa ce, tana zuwa wa masu irin wannan ciwo, ya rubuta maganin da zai kwantar da shi. Auta ya ce kada a ba shi. Matarsa ta ce, "Kai ba ka wuni a gidan nan, ni nake ji." Ta aika aka sayo. Daga ranar Baba ya daina nishi. Yana kwance lumui, idanu a buɗe, ɗakin ya cika da shiru har bakin ƙofa.

Wata ranar aiki da hantsi, ana tsakiyar taro, wayar Auta ta yi ƙara. Matarsa ce, tana kuka. "Ka zo. Jikin ya rikice. Sunanka yake ta nema."

A mota ya yanke shawara. Ba zai shiga ba. Zai tsaya daga waje, ta taga, ya yi ta magana da ƙarfi, tsohon ya ji muryar ɗansa na gaskiya ya tafi da ita. Amma yana sa ƙafa a gidan matarsa ta kama hannunsa ta ja.

"Ta taga? Ubanka na mutuwa ka ce ta taga? Wuce!"

Ta tura shi ciki ta jawo ƙofa.

Baba ya rame har ya koma kamar tsumma a kan gado. Idanunsa suka nemo Auta. Suka duba shi da kyau, suka gane shi ne. Wani abu mai kama da murna ya motsa a ɓarin fuskar mai rai.

"Au... ta."

"Baba, kada ka yi magana. Don Allah kada ka..."

Bakin ya buɗe.

Rana ta karkata. Yana tsaye a ƙofar gida, mutane na miƙo masa hannu suna yi masa gaisuwa. Akwai ƙasa a takalminsa da gwiwoyin wandonsa. An kai Baba an dawo. Wuyan hannunsa na hagu yana zafi. Ya ja hannun riga ya duba. Sawun farce ne, masu zurfi, sun yi jini sun bushe, irin na wanda ya yi ta ƙoƙarin ƙwace hannunsa bai samu ba.

Da mutane suka ragu matarsa ta zo ta zauna kusa da shi, idanunta sun kumbura.

"A hannunka ya cika, ka gode wa Allah. Ina jinsa ta bayan ƙofa, ya daɗe yana yi maka magana, kalma ɗaya-ɗaya. Rabon da ya yi doguwar magana haka tun kafin ciwon. Na so in shigo, na ce a'a, tsakanin uba da ɗa ne." Ta share hanci da gefen mayafi. "Me ya ce maka?"

Auta ya dube ta. Ta yi shiru tana jira.

Ya ji sanyi ya fara taruwa a kunnensa. Ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

Yanzu a gidan nan fodkas ba ya mutuwa. A lasifika yake sa shi, a falo da kicin da ɗakin kwana, shiri na bin shiri, da gudu ninki biyu. A ofis an daina kiransa Kaka. Ba sabon abin da zai fito bai riga kowa ji ba, Manaja har misali yake yi da shi. 'Yarsa ta fara koyon magana. Takan zo ta dafa gwiwarsa, ta ɗaga kai, ta faɗi rabin kalma ta tsaya tana neman sauran. Shi kuwa sai ya daka mata tsawa ya ture ta, ya fice daga ɗakin da gudu. Yarinyar ta daina zuwa. Matarsa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin uba mara imani irinsa ba, kuma bai musa mata ba.